Kanawa, Wannan Minsharin Ba Na Gajiya Ba Ne

Na san tun ban yi nisa ba wani dattijo a Ungogo ya riga ya taɓe baki: “To, me kuma ya kawo Bazazzage? Ya gama da ’yan ƙwayar Tudun Wada da Sabon Garin Zariya ne da zai tsallako mana?” Ban gama ba, Baba, namu suna nan, Allah ya shirye su. Amma ku kuka yi wa garinku kirari cewa ko da me mutum ya zo an fi shi, kuma a wannan fagen alƙaluma ba su ƙaryata ku ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa ’yan Najeriya miliyan 14.3, ’yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda. Arewa maso yamma ta tashi da kashi 12 cikin ɗari. Kano ita kaɗai ta tashi da kashi 16, mutum sama da miliyan ɗaya. Kafin nan, a 2017, an miƙe a zauren Majalisar Dattawa an ce kwalba miliyan 3 ta kodin ake shanyewa kullum tsakanin Kano da Jigawa. Sai ku je ku raba da Jigawa, mu ga nawa zai rage muku.

“Ai wannan zancen birni ne,” in ji mai gona a Karo. “Mu nan daga gona sai masallaci.” Allah ya ƙara tsarewa. Sai dai ƙauyen naku ya daɗe da shigewa aljihun birni. Duk wanda zai tsaya a Rijiyar Zaki ko Bachirawa ko Kadawa ya nuna mini inda Kano ta ƙare Ungogo ta fara, zan ba shi goro. Yaron da ya yi sammako daga Rangaza ko Fanisau ya tafi dako Kantin Kwari, ko lodin buhu a Dawanau, ba kuɗin cefane kaɗai yake dawowa da shi da yamma ba. Kai kuma mai gona, matso kusa kada yara su ji. Ranar da ka ɗebi ’yan ƙwadago noman farko, wa ka yaba? Ba wancan da ya duƙa tun sassafe har azahar bai ɗago ya dafa ƙugu ba? Har ka ce gobe shi za a fara kira. Ka tambaye shi me ya kora da shayin safe? Tiramol ba da sunan maye ta shigo karkara ba, da sunan maganin gajiya ta shigo, a farantin mai tallar magani ranar kasuwa. Mai haƙar yashi ya san ta, mai buga bulo ya san ta, ɗan ga-ruwa ya san ta. In dare ya yi kuma jiki ya ƙi kwanciya, sai a nemo abin da zai kawo barci. Daga nan labarin ya fara.

“To, yi mana wa’azin mu ji.” Ba wa’azi na zo yi ba. Kuna da malaman da suka fi ni baki, kuna da Hisba, kuna da NDLEA tun 1989. Kowa ya ce a bari, ni ma na ce a bari. Amma tsakanin ranar da aka ce wa yaro ya bari da ranar da zai bari ɗin akwai darare da yawa, kuma a ɗaya daga cikinsu ake rasa shi. A kan waɗannan dararen nake magana. Abin da ya fi yin kisa a cikinsu kuwa haɗi ne. Wancan binciken ya gano kusan rabin masu shaye-shaye ba abu ɗaya suke sha ba, a cikin waɗanda suka yi nisa kuwa, kashi 95 cikin ɗari haɗawa suke yi.

Haɗi kam ai ku ne malamansa. Tun shekarun 1960 masu bincike irin su Michael Mortimore suke zarya a gonakin kewayen Kano, suna mamakin yadda ƙasar da ba a barinta ta huta take ciyar da wannan cincirindon jama’a. Amsar tana wajen kakanninku: takin da jakuna ke ɗebowa daga birni, da kuma zuba gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Abin yana yi ne saboda kowanne da buƙatarsa. Gero ya yi sauri ya ba da wuri, dawa ta jira ƙarshen damina, wake ya shimfiɗe a ƙasa yana mayar mata da ƙarfi. To jikokinku sun ɗauko dabarar sun kai ta inda ba ta ci. Kodin da tiramol da allurar fenta da rochi da diyazafam, har da giyar da kuka rantse babu ita a Kano alhali Hisba na ta murƙushe kwalabenta, duk waje ɗaya suke dannewa. Can gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai inda ke ba huhu umarnin ja da saki, ko mutum na farke ko yana barci. Kodin da tiramol da danginsu suna dakushe wurin, ya daina jin cewa gurɓatacciyar iska ta taru a jini. Rochi da diyazafam da giya kuma suna sakin naman maƙogwaro, su nutsar da mutum cikin barcin da ko hanyar iska ta toshe ba zai zabura ba. Ɗaya ya rage numfashi, ɗayan ya kwantar da abin da zai tashe ka ka ja shi. Saboda haka ne a 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta a buga gargaɗinta mafi tsanani a jikin kwalin waɗannan rukunan magunguna biyu, cewa haɗa su na iya kai wa ga suma da mutuwa. Wannan fa ga mara lafiyar da likita ya auna masa ke nan.

Ga wani ɗan samari can ya ɗaga hannu daga bayan majalisa: “Yaya, ni ban haɗawa. Abu ɗaya nake sha.” Sannu, mai tsari. An haɗa maka tun daga masana’anta. Yawancin ruwan tarin da ke da kodin akwai wani maganin mura mai sa barci a ciki, don haka kwalbarka ɗaya ma biyu ce. Ƙwayar kuwa labarinta ya fi tsawo. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da fim ɗinta na binciken kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, ba a yi kwana biyu ba gwamnatin tarayya ta hana yin ruwan tari mai kodin da shigo da shi. A shekarar ce kuma Indiya ta tsaurara fitar da tiramadol, wato tiramol. Kuka yi hamdala, muka taya ku. ’Yan kasuwar ba su tafi noma ba. Tiramadol ɗin da NAFDAC ta amince da shi mai 50 ne da mai 100, amma yaron da ya kasa haddace jadawalin sau a firamare ya haddace 200 da 225 da 250. Da ita ma ta yi wuya, sai ga wasu ƙwayoyi masu suna Tafrodol da Super Royal da TimaKing. A Fabrairun 2025 BBC ta sake bin sawu har wata masana’anta kusa da Mumbai, ta nuna cewa kowace ƙwaya haɗi ce ta tafentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, da karisofurodol, maganin sakin jijiya da Turai ta daɗe da janyewa daga kasuwa. Babu ƙasar da ta yarda a ba mara lafiya wannan haɗin. Bayan fim ɗin Indiya ta soke izinin yin sa, amma soke izini a Indiya ba ya kwashe abin da ya riga ya tsallako teku. An kuma tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024 don a san me ke shiga me ke fita, abu mai kyau, sai dai mai sayar maka a bayan kango ba shi da shago a Dangwauro. Kai da ka ce abu ɗaya kake sha, ko sunan abin da ke ciki ba ka sani ba.

“Amma ga wane, shekara goma yana sha, ko ciwon kai.” Na san za a kawo wane. Kowace unguwa tana da wanenta, shi ne hujja, shi ne likita. To ji. Kodin ba ya aiki sai hanta ta juya shi ya koma mofin, tiramol ma sai hanta ta juya ta take kai wa ga ƙarfinta. Hantar mutane kuwa ba sauri ɗaya take yi ba, kuma gado ne. Wani tasa a hankali take juyawa, wani kuma nan take take zuba masa duka a jini. A ƙasar Habasha an samu kusan mutum uku cikin goma masu irin wannan hanta mai gaggawa. Ba a gane su a fuska. Abin da wane ya sha ya tafi kallon ƙwallo, ƙaninka zai sha ya kwanta ke nan. Ga mai asma, ga mai ciwon ƙoda, ga wanda zazzaɓi ya rame. Shi kansa wane, ba a gama ba tukuna. Michael Jackson da likitansa na kansa a cikin gida, da kuɗin da zai sayi Ungogo har da gonakinta, haɗin maganin sa barci na ɗakin tiyata da dangin diyazafam ne ya kashe shi a 2009. Kai likitanka wa? Wane.

Masu cewa suna daidaita abin da shayi mai kauri ko gadagi ko lemon ƙarin kuzari, ku ma na ji ku. Waɗannan suna buɗe ido, ba sa buɗe huhu, kuma suna riga ƙwayar sakin jiki.

Yanzu ga babbar hujjar dattawa: “Mu dai ba mu taɓa ganin wanda ƙwaya ta kashe ba.” Gaskiya ne, Baba, ba ku gani ba. Kun dai ji an ce yaron gidan su wane ya kwanta lafiya ƙalau bai tashi ba. Da asuba aka taɓa shi aka ji sanyi, kafin hantsi an yi masa sutura, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Ba likitan da ya duba, ba wanda ya nemi a duba, kuma wa zai tsaya a wajen zaman makoki ya ce a jaka me aka samu? Aka ce lokaci ne. Lokaci ne mana, wa ya musa? Wanda mota ta kaɗe ma lokaci ne, amma ba ku fasa saka tudun rage gudu a gaban makarantar Islamiyya ba. Saurin binne mamaci sunna ce mai kyau, rufin asiri ma ɗabi’a ce mai kyau. Haɗuwarsu ce ta sa kowane gida yake zaton shi kaɗai abin ya faɗa wa.

Hajiya, ke nake so ki saurara, don ke ce kike wucewa ta ƙofar shagon ɗanki in kin fito alwala cikin dare. Ya shigo wajen sha ɗaya yana jan ƙafa, bai taɓa tuwon da aka rufe masa ba, ya zube a katifa da takalminsa. Kin jiyo minshari har tsakar gida kin ce, “Allah sarki, ya gaji.” Tsaya ki ƙara kasa kunne. Minsharin gajiya yana da tsari, yana hawa yana sauka. Wannan kuwa kakari ne, kamar ruwa a maƙogwaro, ya ja sau ɗaya da ƙyar, sai shiru, shirun ya yi tsawo har ki ƙagu, sannan ya sake fizga. Shiga. Kira sunansa da ƙarfi, girgiza kafaɗarsa. Dunƙule hannu ki goga gaɓoɓin yatsu a ƙashin ƙirjinsa, da ƙarfi, yadda mai barci na gaskiya zai zabura ya ture ki. In bai motsa ba, haska fitilar waya. Ɗaga fatar idonsa: ɗan baƙin tsakiya ya tsuke ya koma ɗigo. Juya leɓensa na ƙasa ki dubi ciki, ki dubi farce: a fatarmu ba shuɗi ake gani sosai ba, toka-toka ake gani. Jikin da danshi, da sanyi. Ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Babba lafiyayye yana yin 12 zuwa 20. In kin ga bai kai 10 ba, ɗanki ba barci yake ba, mutuwa yake yi a hankali, kuma sau da yawa abin yakan ɗauki sa’o’i. Wato akwai lokaci, in an samu mai shiga ɗakin.

A nan ne likitocin bakin titi suke fitowa, kowa da digirinsa. Wannan ya ce a sheƙa masa ruwan randa. Wancan ya ce a ɗura masa madara, ita ke kashe guba. Wani ya ce manja, wani lemon tsami, wani ya ce a jiƙa gari. Gwaggo ta ce iska ce, a kawo turare. Babban farfesa kuma, wanda ya fi su kashe mutane, ya gyara hula ya ce, “Ku bar shi ya yi barci, da safe zai wartsake.” Jama’a, wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya. Madarar da kuka ɗura ba ciki ta nufa ba, huhu ta nufa. Sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, hanya ɗaya ce da madarar. Ruwan sanyi zai jiƙa katifa, ba zai cire ko ɗigon ƙwaya daga jini ba. Addu’a kuwa ba mai hana ki, Gwaggo, yi ta a cikin adaidaita sahu.

Abin yi bai kai waɗancan wahala ba, ba ya kuma cin ko sisi. A kwantar da shi a ƙasa, a ɗan tura goshinsa baya a ɗaga haɓa don harshe ya tashi daga kan hanyar iska. In da amai a baki a share. In numfashin ya tsaya ko ya yi nisa da juna, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki, sau ɗaya duk daƙiƙa biyar, ana kallon ƙirji yana ɗagawa. “Baki da baki? Tir!” Ji mai ƙyanƙyami. Kai da kuke zagaya kofin shayi ɗaya ku shida, kuke karɓa-karɓa da guntun sigari, yau ne bakin abokinka ya zama abin ƙi? Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan kamar minti huɗu zuwa biyar babu iska, ƙyanƙyaminka bai kai wannan tsada ba. In babu alamar rai ko kaɗan, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri, kada a tsaya. In kuwa yana numfashi da kansa, a juya shi ya kwanta a gefe, ƙafar sama a lanƙwashe, fuska na kallon ƙasa kaɗan, don in amai ya zo ya zubo waje. Haka za a ɗauke shi a mota ko adaidaita, a kwance a gefe. Kada a zaunar da shi a tsakiya kai ya rinjayo kan ƙirji, wannan shaƙe shi ne da hannunku.

Tiramol tana da nata salon daban: jijjiga. Mutum yana tsaye sai ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. Ku mayar da cokalin kicin, ba a cusa komai a bakin mai jijjiga, ba a kuma danne shi. A janye abin da zai ji masa ciwo, a sa tsumma a ƙarƙashin kai, in ta lafa a juya shi gefe, a tafi asibiti. Yawunsa ba ya sa wa kowa komai, ku daina tsalle kamar an zubo garwashi.

Ku kuma abokan majalisa, da ku nake. Sau tari ba uwa ce ke kusa ba, ku ne. Kuma an san halinku: ko dai kowa ya yi caji daidai da mai suman, haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance, ko kuma da an ga ido ya kafe sai kowa ya tuna an aike shi. Mafi jarumta a cikinku su ne masu ɗauko shi su jingine a ƙofar gidansu, su ƙwanƙwasa, su arce. Kun ce tsoron hukuma ne. To Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ko ma’aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko mene ne dalili. Ga Asibitin Waziri Gidado kusa da mutanen Bachirawa, ga Murtala, ga na Malam Aminu Kano. In kun je ku tafi da kwalbar da ragowar katin ƙwayar, ku faɗi me ya sha da ƙarfe nawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. “Zazzaɓi ne ya kama shi,” in ji kawu, yana gyara babbar riga. Sai ma’aikaciyar jinya ta tafi neman maleriya, numfashi na tafiya. Mutuncin gida ya tsira, an rasa yaron.

Na hango Malam yana gyaran murya tun ɗazu. “Wannan ai koya musu yadda za su sha lafiya kake yi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.” Allah ya gafarta Malam, ban ce a sha ba, ban kuma san wata hanyar sha lafiya ba. Ku kuka karantar da mu cewa kare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari’a ta zo ta tsare, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Ku kuka ce ƙofar tuba a buɗe take matuƙar rai bai zo maƙogwaro ba. To ni aikina in riƙe muku shi da rai har ku iso da wa’azin. Gawa ba ta zuwa tafsiri. Limamai nawa, ’yan kasuwa nawa, magidanta nawa a garin nan suka yi ƙuruciyar da ba sa so a tuna? Da an bar su sun yi wancan barcin, da wa zai ja sahun gaba?

Akwai kuma wani abu da ko masu son yaron da gaske ba su sani ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Jikin mai sha yana sabawa, har ya riƙa ɗaukar abin da zai kashe wani. In ya daina na ’yan makonni, sabon yana zubewa, amma hannu bai manta adadin da ya saba ɓallewa ba. Wani bincike a jihar Washington ta Amurka, da aka buga a 2007, ya gano cewa a mako biyun farko bayan fitowa daga kurkuku, haɗarin mutuwa ta wannan hanya ya ninka na sauran jama’a sau 129. Ku juyo da shi gida. Wanda ya fito daga kurkukun Kurmawa ko na Goron Dutse. Wanda aka sallamo daga cibiyar gyaran hali ta Kiru ko asibitin Dawanau. Wanda aka kwance daga gidan mari, irin waɗanda aka fara bankaɗowa a Rigasa ta jiharmu a 2019, kafin a bi ta Daura, Kano ma ta rufe nata. Har da wanda ya ji tsoron Allah ya ajiye komai tun ganin watan Ramadan, ya kai azumi talatin tas, sannan abokai suka zo masa da barka da Sallah. Ranar da gida ke murna an samu kansa, aka yi masa sabon ɗinki, ita ce ranar da ya fi kusa da kabari. Ba cewa na yi kada a kai shi magani ko kada ya yi azumi ba, kada wani ya je ya ce Bazazzage ya ce. Cewa na yi a gaya masa wannan a fili kafin ya fito, kuma a makonnin farko kada a bar shi yana kwana shi kaɗai a shago da sakata.

Sakatar nan ma a cire ta. Ƙofar da sai an nemo kafinta kafin a shiga ta ci mutane.

“To babu wani magani ne, sai hura iska?” Akwai, sunansa nalokson, kuma ba sabo ba ne. Allura ce, akwai kuma ta fesawa a hanci. Yana ture kodin da tiramol da danginsu daga inda suka maƙale, cikin minti biyu zuwa uku numfashi ya dawo. Ba ya sa maye, don haka Alhaji ka kwantar da hankalinka, ba mai satarsa ya sha. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tun 2014 hukumar ta ba da shawarar a ajiye shi a hannun duk wanda zai iya tarar da mai irin wannan suma: iyaye, abokai, ma’aikatan unguwa. A 2023 Amurka ta yarda a sayar da na hanci ba tare da takardar likita ba. Yana da iyakarsa. Ba ya taɓa rochi ko diyazafam ko giya, ba ya tsayar da jijjigar tiramol, kuma aikinsa yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, alhali ƙwayar tana nan a jini tana jira. Wanda ya farfaɗo ya ce ya warke zai tafi gida, a ce masa a’a. Amma a haɗin da ya danne numfashi, cire ƙafa ɗaya daga kan wuyan ma babban abu ne. Ƙaramar hukumar Ungogo da ke da mazaɓu goma sha ɗaya, kowace da ɗakin shan magani, ba za ta gagara ajiye ’yan kwalaben nan da koya wa ma’aikata amfani da su ba. Ranka ya daɗe shugaban ƙaramar hukuma, kuɗin bai kai na kujerun taron siyasa ɗaya ba. Masu unguwanni da dagatai kuma, ku da kuke tara mutane don rigakafin shan inna, tara masu shayi da ’yan adaidaita da ’yan sintiri na awa ɗaya a nuna musu kwanciyar gefe ba zai gagare ku ba. Su ne a farke ƙarfe biyun dare.

Kada mata su yi ta dariya a bayan labule suna cewa yau an kama maza. Binciken nan na Hukumar Ƙididdiga ya ce duk mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Tata ta fi ɓoyuwa, don a ɗaki take, a cikin robar lemo, a gidan biki, ko bayan an yi faɗa da kishiya an nemi abin da zai kawo barci. Maigida, in amarya ta yi nauyin barcin da kukan jaririnta bai tashe ta ba, ba lalaci ba ne kullum. Mai shayarwa kuma ta sani kodin da tiramol suna bin nono.

Saura kai, ɗan ƙanina, da ake ta magana a kanka kana jinmu. Ba zan zage ka ba, an yi maka wanda ya ishe ka. So na yi ka bari, kuma akwai masu taimaka maka: ga Dawanau nan maƙwabtanku, ga layin NDLEA na kyauta, 0800 1020 3040, ana ɗauka dare da rana, masu ba da shawara ne ke amsawa. Bari ma da dabara ake yi, wanda ya daɗe a kan rochi ko diyazafam in ya yanke rana ɗaya jijjiga na iya kama shi, don haka a hannun likita ake saukowa. Kafin ranar ta zo, kada ka ɗora maganin barci a kan tiramol ko kodin, kada ka ɗora giya, kada ka yarda da sabon kati don an ce ya fi, kada ka kulle kanka kai kaɗai. In kuma abokinka ne ya kwanta yana kakari, ka tashe shi. In ya ƙi tashi, juya shi gefe, ka aika a kira ɗan adaidaita, kai kuma kada ka matsa daga wurin.